Tudun da Inji Ya Ce Rara Ne

Har yau in na fito ƙofar gida na dubi hannun hagu, inda tudun nan ya gutsure kamar an gatsi waina an ajiye, sai raina ya ɓaci sabo fil. Mutane na ce mini in bari haka nan, ai abu ya wuce, shekara nawa. Su su bari. Ba su suka ɗauko ƙasar a ka ba.

Ni ban shiga lekol ba, makarantar boko ke nan, ban san baƙin boko ko ɗaya ba, amma na san ƙasa, na kuma san halin ruwa. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa zai tafi Makka, ya iso bakin kogin Shari guzuri ya ƙare, ya ce bari ya huta damina ɗaya. Daminar ce har yau ba ta ɗauke ba. A unguwar Sabangali, nan bakin kogin, aka haife ni, can na yi aure, can na haihu. Maigidana mahauci ne, ni kuma ina yin kilishi da dambun nama. Da ya rasu aka raba gado, gidan ya fita daga hannunmu, sai na kwashi ƙananan 'ya'yana mata biyu muka nufi unguwar Atron a bayan gari, inda fili ke da araha domin ba wanda ke sonsa.

Ran da na je ganin filin rani ne. Ƙasa baƙa, ta bushe ta tsattsage, a shimfiɗe kamar faifai. Ba wanda ya gaya mini cewa faifan nan da damina tafki ne. Daminar farko ruwa ya shigo mini da la'asar ina tsaye ina kallo. Ya biyo ta ƙofa kamar an aika masa goron gayyata, ya ɗaga tabarma, ya kifar da tukunyar kitse, ya tafi da takalmin marigayi ƙafa ɗaya. Bangon ɗaki ya sha ruwa har gwiwa, in ka danna shi yatsa na shiga. Mako uku muka yi bisa gadon ƙarfe da bulo a ƙarƙashin ƙafafunsa.

Da ruwan ya janye sai na bi sawunsa, don ruwa ba ya ɓoye hanyarsa ga mai son gani. Na gane daga gabas yake tasowa, daga wani ƙaton kududdufi da masu buga bulo suka haƙa. In ya cika ya tumbatsa sai ya biyo layinmu, ya karyo daidai ƙofata, domin nan ne wurin ya fi gangare. Na tsaya a bakin kududdufin nan na ce masa, to, ni da kai.

Tun kaka har bazara, kullum da safe in na shanya nama, sai in naɗa gammo in ɗauki daro in tafi ɗibar ƙasa. Kada wani ya ɗauka zubawa kawai nake yi. Ƙasa ita kaɗai ruwa lashe ta yake yi. Sai in shimfiɗa ta kaurin tafin hannu, in bi ta da tokar murhu, in farfasa tsingaro da guntayen bulo in jera, in cusa ƙasusuwan da suka rage daga sana'ata, in yayyafa ruwa, in bi da madaɓi har hannuna ya yi kanta. Yadda uwata ke daɓen ɗaki, haka na daɓe ƙofar gida. Kowane rani hawa ɗaya. Rani goma sha ɗaya na yi ina wannan aiki, har gashin tsakiyar kaina ya ƙare, bai kuma sake fitowa ba.

Matan unguwa sun yi dariya har sun gaji. Wata Balarabiya da gidanta ke kallon nawa kullum sai ta tambaye ni ko Dutsen Arfa nake ginawa tunda kakana bai samu kaiwa can ba. Ni kuwa in ce mata in na gama za ta zo hawa. Ta kuwa zo. Daminar da ruwa ya yi yawa, ita ce ta farko da ta jawo awakinta da buhun geronta ta hau. Tudun ya kai mini ƙugu a daidai ƙofa, ya bi tsawon katanga, ya lanƙwashe kamar ƙahon sa. Da gangan na lanƙwasa shi, don in ruwa ya bugo ya goce ya yi kudu. Daga rani na huɗu ruwa bai ƙara taka mini ɗaki ba.

Yanzu sai in kawo maganar 'yar farina. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna a fili ta damu da shi. Kunya ce, haka na tarar, haka na yi. Ana yaye ta ƙanwar mijina ta ɗauke ta zuwa unguwar Mursal, ita ta raine ta, ita ta sa ta lekol. Goggo kowa ke ce wa matar nan, har ni. Shekarun da nake ɗibar ƙasa yarinyar na can karatu, farko a kudu, daga baya a wata ƙasa. Da ta dawo ta tarar da tudu har ciyawa ta fito masa, ga ɗan itacen bedi, wato dogon yaro, a gefe, sai ta ɗauka haka Allah ya yi wurin. Ba ta tambaya ba, ni kuma ba zan zauna in ba 'yar fari labarin wahalata ba. Ta samu aiki a wani ofis na masu zanen hanyoyi, tana wuni gaban wani inji mai gilashi da suke kira odinata. Juma'a Juma'a take zuwa gaishe ni, ita da Goggo.

Bayan an fara maganar man fetur a ƙasar nan aka ce za a yi mana hanya. Wata safiya mutum uku suka zo da wani abu mai ƙafa uku da doguwar sanda mai zanen ja da fari. Ɗaya na leƙawa cikin mai ƙafa ukun, ɗaya na rubutu, ɗaya na yawo da sanda yana dasawa. Mai sandar ya dasa ta a gindin tuduna, ya ɗaga zai wuce. Nan ne nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Na fito na ce masa da Larabci ya hau sama ya sa ta a ƙololuwa, in za a rubuta tsayin unguwar nan to a rubuta shi da gaskiya. Ya yi dariya ya hau. Ban bar shi haka ba, sai da na bi da shi gadon bayan tudun daga wannan kai zuwa wancan, wuri huɗu yana dasawa ana rubutawa. Na ba su ruwan randa, na yaga musu kilishi. A zatona sunan aikina ne ke shiga takardar gwamnati. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Sai daga baya na ji cewa da bai hau ba, da injin bai taɓa sanin akwai tudu a wurin ba.

Bayan wata biyu ko uku, wata Juma'a, suka zo da takarda a naɗe kamar tabarma. Ina gefe na juya musu kafaɗa ina yanka nama, yarinyar ta shimfiɗa takardar gaban Goggo tana mata bayani, amma da ɗan ƙarfi yadda zan ji. Haka muke magana ni da ita, ta cikin kunnen Goggo.

Ta ce cikin injin nan ƙasa biyu ce. Ta farko ita ce ƙasar yadda take yau, wadda masu sanda suka auno ɗigo-ɗigo, inji ya haɗa ɗigon ya yi mata fata. Ta biyu ita ce ƙasar yadda ake so ta zama in an gama hanya, wannan su suke zana ta da hannunsu. Sai a ɗora ɗaya bisa ɗaya kamar an rufe ƙwarya da faifai, a ce wa inji ya debe wannan daga waccan. Inda ƙasar yau ta yi yawa sai ya shafa ja, a yanke ke nan. Inda ta gaza sai ya shafa shuɗi, a cike. Ta ce aikin da dā mutum ke shafe wata yana yi da alƙalami, yanzu kafin shayi ya huce an gama. Goggo na ta sallallami tana cewa ilimi kogi ne.

Na saci kallo. Takardar duk shuɗi ce kamar an tsamo ta daga marina, sai wani jan tabo guda ɗaya a lanƙwashe. Ban iya karatu ba, amma ba wanda zai koya mini ƙahon da na lanƙwasa da hannuna. Yarinyar ta ɗora yatsa a kai ta ce shugaban ofishinsu ya ji daɗi ƙwarai, a duk layin nan kaɗai aka samu rarar ƙasa, za a ture ta gaba a cike kwarin da ke bakin kududdufi. Sa'an nan ta sassauta murya ta ce wa Goggo:

"Kuma Inna ta huta da hawa da sauka. Gwiwarta ba kamar dā ba."

Rara. Ƙasar da na kwaso daga bakin kududdufi daro-daro, ita za a mayar bakin kududdufi a wuni ɗaya, kuma a ce taimakona aka yi. Wuƙar da ke hannuna sai da ta shige katakon yanka. Na tashi na shiga madafa, na kira Goggo, na ce ta gaya wa waccan yarinyar cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kada a taɓa mini tudu. Goggo ta dube ni sama da ƙasa, don tsakanina da ita akwai wasa irin na matar wa da ƙanwar miji.

"Matarmu, ke dai da tsiyarki. An kawo miki kwalta har ƙofa kina kukan tsibin ƙasa."

Ta fita ta isar da saƙon yadda ta ga dama, wai Inna na ɗan tsoron ruwa. Amsa ta dawo mini cewa in kwantar da hankali, za a yi kwata ta siminti a gefen hanya, kanibo suke ce mata, kuma inji ya riga ya lissafa ruwan da za ta ɗauka. Ni da na ga kanibon Mursal da idona. Leda, yashi, mushen kaza, kafin ruwa na uku ya zama gidan sauro. Ko injin ya lissafa leda?

Juma'a uku saƙo na kai da komo ta bakin Goggo, kullum sai ya isa ya rame kamar gishirin da aka ɗauko cikin ruwan sama. Na san da zan iya buɗe baki in ce ni na ɗauko ƙasar nan a kaina, shi ke nan. Amma uwa ta faɗa wa 'yar fari haka, ai roƙon tausayi ne. Ni kuma ban roƙi tausayin kowa ba ran da ruwa ya kai mini gwiwa, balle yanzu. Na ce a raina ai mai hankali in ta dubi tsakiyar kan uwarta ya kamata ta gane. Ba ta duba ba. Yaushe ma ta taɓa ganina ba ɗankwali.

Ranar wata Talata da hantsi, cikin zafin bazara, ina bayan gida ina juya nama sai na ji ƙasa na rawa. Kafin in wanke hannu in fito, katafila ta riga ta ci gefen hagu, ta ture shi gaba, bedin na kwance saiwarsa a sama. Na koma ciki na mirgino turmi, na haye da shi ƙololuwa, na kife shi na zauna, na ɗora madaɓina a cinya. Direban ya tsaya yana kallona.

Shugaban aikin wani ƙato ne mai hular kwano. Ya zo yana Hajja Hajja, yana lallashi da Larabci, wai in sauko kada in ji ciwo. Da ya ga ban motsa ba ya zaro takarda, irin waccan mai shuɗi da jan tabo, ya ce ba shi ya ce ba, inji ne ya ce. Na ce masa inji ba shi da baki, ya kawo mini wanda ya sa wa injin magana. Mutane suka taru. Balarabiyar nan ta tsaya a bayana tana zazzaga masa abin da ba zan maimaita ba. Ya ciro salula, lokacin ba ta daɗe da shigowa gari ba, ya koma gefe ya yi magana. Na zauna cikin ranar nan har inuwata ta shige ƙarƙashin turmi.

Motar ofis ta tsaya, sai ga 'yar farina ta fito da hular kwano bisa gyale. Ta tsaya a gindin tudu kanta a ƙasa. Ta waiga dama ta waiga hagu, na san Goggo take nema, Goggo kuwa na can Mursal. Da ba ta ga kowa ba sai ta yi wa iska magana, ta ce a gaya wa Inna ta sauko, rana ta yi zafi.

Na kira sunanta. Tun da na haife ta bakina bai taɓa furta shi ba, har na ji ya fito mini baƙo a harshe. Cikin Hausawan da ke wurin wata tsohuwa ta rufe baki da gyale. Na ce:

"Zo ki ga abin da injinki ya debe."

Na sauko na kai ta inda katafila ta yanka. Wurin ya fito sumul kamar an yanka alkaki, hawa-hawa, baƙi, fari, ja, baƙi. Na bi su da bakin madaɓi ina nuna mata daga ƙasa. Wannan na ranin da ya biyo rasuwar ubanki ne. Wannan mai kaurin tsingaro shekarar da babbar randa ta fashe. Wannan siririn shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ni wata biyu, ban samu yin da yawa ba. Wannan mai yawan ƙashi shekarar da ciniki ya yi kyau. Ta durƙusa da kayan ofis ɗinta ta sa hannu, ta zaro wani guntun tasa mai shuɗin baki. Tasar da take cin tuwo a ciki ce in Goggo ta kawo ta Sabangali tana ƙarama. Ta daɗe tana juya shi, sa'an nan ta ɗago ta dube ni cikin ido, abin da ita ma ba ta taɓa yi ba.

"Ke kaɗai, Inna?"

"Da ke muka yi?"

Ta miƙe ta ja shugaban aikin gefe, suka yi ta Faransanci. Ya zo ya ɗebi ƙasar ya murza, ya shinshina, ya tsinci ƙashi ya jefar, ya kaɗa kai. Can sai katafila ta ja da baya ta tafi wani layin. Na shiga gida ina taku ɗai-ɗai, a raina na ce yau dai an san aikin mutum.

Goggo ce ta ɓata mini wannan, ta zo tana dariya har da riƙe ciki. Ashe abin da yarinyar ta rubuta wa shugabansu shi ne ƙasar tudun ba ta da kyau, cike take da toka da ƙashi da tarkace, tsohon juji ne, ba a shimfiɗa kwalta bisa irinta. Tunda ba za ta yi ciko ba, ba ribar da za a samu a kwashe ta. Sai ta koma gaban injin ta zagaye wurin da layi, ta ce masa kada ya ƙirga abin da ke ciki, ta matsar da kwatar kamu biyu, ta sa a yi ɗan bangon siminti a inda aka yanka. Ta sake debe waccan ƙasa daga wannan, ja ya ɓace, shuɗi ya ƙaru, dole suka kawo jar ƙasa a mota daga nesa.

Juji. Rani goma sha ɗaya, da gashin kaina, da wuyana da har yau ba ya juyawa sosai, a takardar gwamnati sunansa juji. Juma'ar da ta biyo baya ban nemi Goggo ba. Kunya in ta fashe kamar randa ce, ba ta ɗinkuwa. Na zaunar da yarinyar na faɗa mata duk abin da ke bakina, na haɗa da na shekarun baya. Ta bari na gama, ta ce:

"Inna, da na rubuta aikin hannunki ne, da a ranar za su kwashe shi. Takardar ba ta da gurbin wannan."

Na ce mata to takardar ce juji, da injin da ya haife ta.

Damina ta zo. Ruwa na uku kanibo ya toshe kamar yadda na faɗa. Ruwan gabas ya samu hanya mai santsi, ya taho da gudun da bai taɓa yi ba, ya bugi ƙahon ya goce. Amma ta hagu, inda aka gutsure, ya zagaye ɗan bangon simintinsu ya kwanto ƙofata. Ina tsaye da la'asar nan ina kallonsa yana hawa, har saura yatsa biyu ya tsallake dokin ƙofa. Nan ya tsaya, ya yi ta lilo, sa'an nan ya fara ja da baya. Gidajen tsallaken hanya, da kwalta ta fi ƙofarsu tsayi, duk suka sha ruwa. Balarabiya ta jawo awakinta. Na ce mata ta hau a hankali, juji ne, kada ta ɓata ƙafa.

Da kaka ta yi na sake naɗa gammo don in mayar da gefen hagu, sai na tarar rabin daro ma da ƙyar nake kaiwa. Yarinyar ta ce za ta aiko mini da mota guda ta jar ƙasa, na ce ta kai wa injinta. Wata Juma'a ta zo ta tarar da ni a hanya, ta sauke daron daga kaina ba ta tambaye ni ba, ta ɗora a nata. Ta kawo ta juye shi tsibi guda, ba toka, ba tsingaro, kamar mai zubar da shara. Na kira sunanta a gaban mutane, na sa ta baje shi kaurin tafin hannu, na miƙa mata madaɓi. Bugu goma hannunta ya yi ruwa. Na ce ta ci gaba.

Gefen hagun har yau bai kamo na dama ba, kuma takardar tana can a ofishinsu da kalmar nan a jikinta, ba wanda ya goge.